Farauta: Abin da Ka Harba, Ka Bi Shi, Ka Gyara Shi da Wuri

Da an kwashe amfanin gona, samarinmu na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi sukan ɗauki gora da karnuka, wasu da bindigar gargajiya, su shiga daji. A zagayen da muke yi na ƙauyuka mun lura da wata ɓarna: ana kashe dabba, amma rabin naman ba ya kai wa tukunya lafiya.

Dattawa suna ba da labarin barewa da gwanki a dajin Rugu, wajen Safana da Batsari. Yau da noma ya cinye daji, 'yan bindiga kuma suka sa shiga can ya zama kasada, abin da ya rage kusa da mu shi ne zomo, gafiya, zabon daji, makwarwa, wani lokaci gada. Abu kaɗan ne, bai kamata a yi wasa da shi ba.

Kada maharbi ya saki harbi daga nesa yana cewa "ko a dace". Dabbar da aka ji wa rauni takan gudu ta mutu cikin sarƙaƙiya, ta sha wahala, ungulu su ci. In ka harba ba ta faɗi ba, ka sa alama a wurin, ka bi sawu da ɗigon jini har ka same ta, kada ka juya kan wata. Wanda ya kafa tarko kuwa ya duba shi kowace safiya da yamma. A wasu jihohin Amurka, kamar Alaska, doka tana hukunta maharbin da ya kashe babbar dabba ya bar namanta ya ruɓe a daji. Mu ma muna da dokar namun daji ta Arewa tun 1963, sai dai kaɗan ne suka san da ita. Mai ciki da mai shayarwa, a ƙyale su, gama su ne naman baɗi.

Babbar matsalarmu ita ce zafi. A watan Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 40. Cikin dabba cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma a irin wannan ɗumi wasunsu sukan ninka yawansu cikin minti 20. Saboda haka zomon da aka kashe da hantsi, aka jefa a buhun leda, aka yi ta yawo da shi har la'asar, ya riga ya fara lalacewa ko da bai yi wari ba. A tsiyaye jini, a fitar da kayan ciki nan take, a kula kada wuƙa ta huda hanji ko matsarmama. Inda harsashi ya dagargaza, a yanke a yar. A rataye a inuwa iska ta ratsa, a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, to, me ya sa za a yi gudun a rasa zomon? Abin da ba za a dafa a ranar ba, a yayyanka shi sirara, a sa gishiri, a kyafe a kan wuta tun kafin a kwanta.

Iyaye mata, ku sa ido kan yaran da suke ƙona ciyawa su kamo ɓera. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara gano shi a garin Lassa ta Borno a 1969, daga wani irin ɓera ake ɗaukarsa, ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa, kuma da rani ya fi yaɗuwa. Mai rauni a hannu kada ya feɗe dabba. Wadda aka tsinta a mace, ko aka kashe da maganin ƙwari, a binne ta. In wani ya yi zazzaɓi bayan ya taɓa naman daji, maganin cizon sauro kuma bai saukar da shi ba, a kai shi asibiti, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da ya taɓa.