Yadda A Ke Karɓar Tsohuwar Karya A Sabon Gida

Na san waɗansu 'yan'uwana ɗalibai za su yi dariya in sun ga kan wannan magana, su ce duk abubuwan da ke cikin duniya wane bai sami abin rubutu ba sai karya. To, ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe. Ina kuma roƙon mai buga wannan mujalla kada ya sa wa harafin farko ƙugiya, gama karya na ke nufi, watau matar kare, abin da zan faɗa kuwa ba ƙarya ba ne.

Bara da aka rarraba mu koyon aikin koyarwa, ni an tura ni wata makaranta a wani ƙauye tsakanin Azare da Katagum. Bayan gidan da aka sauke ni akwai wata karya ɗaure a gindin aduwa, igiyarta ba ta fi kamu uku ba. Mai ita bai ajiye ta don tsaro ko farauta ba, sai don haihuwa kaɗai. Iyayenta sun yi suna wajen kama zomo, sabo da haka 'yan farauta su kan biya kuɗin ɗanta tun yana ciki. Sa'ad da na gan ta tsufa ya kama ta, haƙarƙarinta duk a waje, nonuwa sun zube, igiya ta cinye gashin wuyanta. Haihuwarta ta ƙarshe 'ya'ya biyu ta yi, ɗaya bai kwana ba. Sai mai ita ya ce in fataken karnuka sun zo zai ba su ita. Kowa kuwa ya san irin inda su ke kai su, kamar kasuwar Dawaki ta ƙasar Kanke a Jihar Filato, inda a ke sayar da karnuka don yanka. Na ba kawuna labari, shi kuwa yana da garka da 'yan awaki a bayan garin Azare, ya zo ya fanshe ta da kuɗi kaɗan. Muka sa mata suna Tsintuwa. Abin da na koya a kanta, da kuskuren da muka yi, su na ke so in bayyana.

Abin da yawan haihuwa ke yi mata

Karya ta kan nemi namiji kamar sau biyu a shekara. Cikinta kwana 63 ne, ko kusa da haka, sa'an nan ta shayar mako 6 zuwa 8. In mai ita bai bar ta ta tsallake ko sau ɗaya ba, ashe ke nan fiye da rabin shekara tana cikin goyon ciki ko shayarwa. Nonon nan kuwa daga jikinta ya ke fita. In abincinta ƙanzo ne da ruwan wanke tukunya, tilas ta rame, gashi ya zube, haƙora su lalace.

Amma ciwon da ya fi wuyar warkewa ba a jiki ya ke ba. Dabbar da ta yi shekaru a turke ba ta san hannun mutum ba sai sa'ad da ya zo ɗauke mata 'ya'ya ko ya zo da sanda. Ba ta san wasa ba, ba ta san tafiya tare da mutum ba, ba ta ma san tana da suna ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kada a ce mu kaɗai ke da wannan hali. A Ingila ma akwai masu tara karnuka a keji suna sayar da 'ya'yansu. A 2013 aka ceto wata 'yar karya mai suna Lucy daga irin wannan wuri a ƙasar Wales, bayanta ya tanƙware don ƙuncin keji. Ta mutu a 2016, amma labarinta ya motsa jama'a har aka yi doka da sunanta, wadda ta fara aiki ran 6 ga Afrilu 2020. Dokar ta hana dillali ko mai kanti sayar da kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata 6 ba. Mai so sai ya tafi wurin wanda aka haife shi a hannunsa ya ga uwar da idonsa, ko kuwa ya tafi gidan ceton dabbobi.

Likita tukuna

Kafin karya ta saba da kowa, a fara kai ta asibitin dabbobi. Babban dalili shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ya kan kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare su ke samunsa. Cikin kowane mutum 10 da ya kashe, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba, watau irin waɗanda za a damƙa mana a aji. In alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi ta addu'a. Amma rigakafinsa ya daɗe. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura, yaron ya rayu. A ƙasarmu kuma ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana yin allurar karnuka. A kan yi wa kare tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara, a kuma adana takardar shaida.

Sai dai a lura da abu guda. Allura ba ta warkad da dabbar da cutar ta riga ta shiga jikinta, cutar kuwa ta kan ɓuya makonni, har watanni, ba a ga kome ba. Domin wannan, karyar da ba a san tarihinta ba a ware ta, kada yara su yi wasa da ita sai likita ya yarda. In aka ga halinta ya sāke farat ɗaya, tana dalalar da miyau, tana cizon itace ko ƙasa, ko muryarta ta canja, kada kowa ya taɓa ta, a kira likita.

Bayan wannan sai maganin tsutsar ciki, da na kaska, da ƙuma, da ƙazwa. Kada a shafa mata baƙin mai ko kananzir, kada kuma a yi mata wanka da maganin feshin gona, gama karnuka da yawa maganin ne ya kashe su, ba kaskar ba. A roƙi likita ya lallatsa nonuwanta ko akwai ƙullutu, don tsofaffin karnuka mata su kan yi ciwon daji a nan. Akwai kuma ciwon da mahaifa ke cika da mugunya, ya kan zo 'yan makonni bayan ta nemi namiji. Alamunsa yawan shan ruwa, da ƙin abinci, da kumburin ciki, wani lokaci da ɗigar ruwa mai wari. Wannan ba ya jiran gobe. In ta yi ƙarfi, likita yana iya yi mata aiki ya cire mahaifar, ta huta da haihuwa har abada.

Kwanakin farko

Ga kuskurenmu na fari. Ran da aka kawo Tsintuwa, yaran gida da na maƙwabta suka kewaye ta, kowa yana so ya shafa. Ta shige ƙarƙashin rumbu, ta kwana biyu ba ta fito ba, ko ruwa ba ta sha ba sai da dare ya raba. Da mun sani, da tun farko mun shirya mata wuri mai inuwa a gefe guda, da tsohon buhu na kwanciya, da kaskon ruwa, muka rabu da ita.

Mutum ɗaya ya kamata ya riƙa kula da ita da fari. Ya zo a kan lokaci guda kullum, ya ajiye abinci, ya koma gefe ya zauna, ya ba ta kafaɗa. Kada ya zuba mata ido, gama wurin kare wannan neman faɗa ne. Kada ya miƙa hannu ta bisa kanta, gama ta nan sanda ta saba zuwa. Ya bari ita ta zo ta sansana shi don kanta. Kawuna ya yi kwana 9 yana zama haka da 'yar rediyonsa kafin ta ɗauki abu daga hannunsa.

Kuskure na biyu wajen abinci ne. Tausayi ya sa matar kawuna ta cika mata akushi da tuwo da miya, ta cinye sarai, ta amayar. Cikin da ya saba da yunwa ba ya ɗaukar kaya da yawa gaba ɗaya. A ba ta kaɗan kaɗan, sau 3 ko 4 a yini, a riƙa ƙarawa sannu. Tuwo kaɗai ba ya mai da jiki, sai an haɗa da dafaffen kayan ciki, ko ƙwai, ko kifin da aka cire wa ƙaya, ko wake da ya nuna lugub. A guji miya mai albasa da yawa, don albasa tana ɓata jinin kare, a kuma guji dafaffen ƙashin kaza, don ya kan tsage ya soki hanji. Ruwa kuwa kada ya yanke, balle a bazarar Azare.

A kula da ƙofa ƙwarai. Abin mamaki, dabbar da aka wahalshe ta ta kan nemi komawa turkenta na dā, don shi kaɗai ta sani. Amma maganin wannan ba sabuwar gajeriyar igiya ba ne. A gyara danga, a toshe kafofi, a riƙa fita da ita da doguwar igiya da sassafe ko da la'asar sakaliya, sa'ad da hanya ba mutane da yawa.

Masu gidajen ceton dabbobi a Amurka da Ingila su kan ce kwana 3 na tsoro ne, mako 3 na koyon tsarin gida, wata 3 na sakin jiki. Wannan ƙiyasi ne kawai. Tsintuwa sai da ta yi wata 4 kafin mu ga ta kaɗa wutsiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Yara, dabbobi da maƙwabta

A koya wa yara doka uku: kada a taɓa ta tana ci, kada a taɓa ta tana barci, kada a bi ta in ta shiga maɓoyarta. A koya musu kuma karanta jikinta. In ta maƙale wutsiya tsakanin ƙafafu, ta kwantad da kunnuwa, ta kau da kai, tsoro ta ke ji. In ta yi gurnani, gargaɗi ne, a ja da baya. Kada a doke ta don ta yi gurnani, gama wanda ya hana kare gargaɗi ya koya masa cizo ba sallama. Da ya ke jinin farauta ne, a nuna mata kaji da awaki tana riƙe da igiya, har a tabbata ta ɗauke su 'yan gida.

Maƙwabta ma suna da hakki. Malaman Musulunci sun yi bayani cewa an yarda a ajiye kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona, amma mutanenmu da yawa ba su son ya kusanci buta, ko tabarmar salla, ko kwanon abinci. Kawuna ya keɓe mata kaskonta, ya kuma hana ta zaure. Bai taɓa samun ƙara daga kowa ba.

In tsautsayi ya sa ta ciji mutum, ko da ƙarzane ne, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗaura gashin kare ko garin magani. Ita kuwa kada a yi gaggawar kashe ta, a tsare ta kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa. Amma wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwanakin nan ba, ya fara karɓar allura tun ran farko in ma'aikatan asibiti sun ce a yi.

Rabonmu mu malamai

Watakila wani ya ce, mutane ma ba su ƙoshi ba, ina ta kare? Gaskiya ne riƙon irin wannan dabba yana cin kuɗi da lokaci, wanda ba shi da hali kada ya ɗauka, gama ɗauka a yar ya fi bari muni. Amma ko wanda ba zai ajiye kare ba yana da abin yi. Mu ne za mu tsaya gaban yaran da ke jifan karnuka a hanyar makaranta, su ne kuma a ke cizo. Ran 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da yaƙi da ciwon haukan kare a duniya. Me zai hana kowannenmu ya ɗauki darasi guda a ranar, ya koya wa ajinsa wankin cizo da alamun kare mai tsoro? In yaro ya tambayi mahaifinsa don me a ke barin karyarsu tana haihuwa ba hutu, darasin ya kai gida ke nan.

Da na je Azare hutun da ya wuce, na tarar da Tsintuwa kwance a bakin garka, gashin wuyanta ya tsiro, wani ɗan akuya yana tsalle a kanta ba ta kula ba. Har yanzu in ta ga mutum da sanda ta kan shige ƙarƙashin rumbu, kawuna kuwa ya ce ya daina sa ran wannan zai bar ta. Shi dai in zai shiga wurinta ya kan jingine sandarsa a waje.

Daga wani ɗalibi, Aji na Uku.