Tsadar Zango Ce Ta Haifi Eriya Mai Saiti

A harkar wayar salula, zangon da sigina ke bi ta iska ya fi ƙarfen sabis wuyar samu, domin ba a ƙera shi, gwamnati ce ke yanka shi ta sayar. A gwanjon da hukumar NCC ta Najeriya ta yi a Disambar 2021, MTN da Mafab kowannensu ya biya dala miliyan 273.6 kan megahaz 100 kacal a zangon gigahaz 3.5. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi dole ya nemi yadda mutane da yawa za su hau zango ɗaya a lokaci guda ba tare da sun take juna ba. Wannan matsin, a ganina, shi ya fi komai tura kamfanoni ga eriya mai yawa a tsarin 5G, fasahar da binciken Thomas Marzetta na Bell Labs ya share wa hanya a 2010.

Tsohuwar eriya kamar fitilar ƙwai take, haskenta na watsuwa ko'ina, sabuwar kuwa tocila ce da ake haska wanda ake so. A cikin akwati ɗaya a kan ƙarfen sabis akan jera hanyoyin aikawa da karɓa har 64. Kowace na sakin sigina iri ɗaya da ɗan jinkiri ƙanƙani da aka lissafa, sai igiyoyin su haɗu su yi ƙarfi a daidai wayar da ake nufi, su kashe juna a wajen maƙwabciyarta. Da haka wayoyi da dama ke cin zango ɗaya a daƙiƙa ɗaya.

Wasu na cewa ke nan an gama da matsalar ƙarancin zango. Ban yarda ba. Saitin ya dogara ne ga sanin hanyar da ke tsakanin eriya da waya, kuma wayar ce ke aiko da siginar gwaji don a gane inda take. Mai gudu a mota kan sauya wuri kafin lissafin ya yi amfani, sannan siginonin gwajin ba su da yawa, har turakun sabis maƙwabta kan maimaita iri ɗaya su rikita juna. Ga kuma cin wuta: akwatin ya fi na da zuƙar lantarki, abin da ke da nauyi ƙwarai inda turaku ke rayuwa da janareta da man dizal. Shi ya sa ribar ta fi fitowa a cunkoson birni, ƙauye kuwa zango mai nisan zuwa ya fi buƙata.

Rikici da maƙwabtan zango ma bai kau ba. A Janairun 2022 sai da AT&T da Verizon suka jinkirta kunna 5G kusa da wasu filayen jiragen saman Amurka, saboda fargabar kada ya dagula na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa, wadda zangonta ke farawa daga gigahaz 4.2, kusa da na 5G ɗin.