Yadda Ganye Ke Kare Kansa Daga Kaifin Ranar Zariya

Zariya tana kusa da digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma tana bisa tudun da ya ɗara matakin teku da sama da mita 600, saboda haka rana kan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, a cikin watan Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta. Mutum yakan fake a inuwa, dabba ma haka, amma dawar da ke gonakin Samaru da tumatirin lambunan bakin kogin Galma ba su da inda za su je, dole su sha ranar tun daga hantsi har la'asar. Abin da ke hana ganyensu ƙonewa wani tsari ne na kariya da ke cikin ganyen kansa, wanda masana suka shafe shekaru suna bincike a kai, kuma sanin yadda yake aiki yana da amfani ga manomi da mai dafa miya.

A cikin hasken rana akwai wani sashe da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda ake kira ultrabayolet, a taƙaice UV, kuma an kasa shi uku bisa tsawon zangonsa, wanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. UV-A yana tsakanin nanomita 315 da 400, kuma kusan dukkansa yana isowa ƙasa. UV-B yana tsakanin 280 da 315, ya fi shi kaifi nesa, amma iskar ozon da ke can saman sararin samaniya tana shanye mafi yawansa. UV-C kuwa, wanda ya fi su haɗari, ba ya ratsowa ko kaɗan. Tun da masanan Birtaniya suka bayyana a 1985 cewa wannan rufi na ozon ya yi rauni a saman yankin Antatika, har ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 don daina sarrafa sinadaran da ke cinye shi, binciken tasirin UV-B a kan amfanin gona ya ƙaru ƙwarai. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙasashe masu zafi irin Nijeriya ba sa buƙatar wani rami a sama kafin su sha wannan haske da yawa, domin ozon ɗin da ke samansu dama can ba shi da kauri, ga rana tana saukowa a miƙe. Ƙurar hunturu da gizagizan damina ne ke rage shi a lokutansu.

Ɓarnar da wannan haske ke yi wa ganye iri biyu ce. Yana iya taɓa ƙwayar gado ta tsiro kai tsaye, ya liƙe wasu sassanta da juna yadda saƙon da ke cikinta ba zai karantu daidai ba. Ta biyun ta fi ɓuya: a wurin da koren ganye ke haɗa abinci daga haske da ruwa da iska, idan ƙarfin hasken ya wuce abin da ganyen zai iya sarrafawa, rarar takan faɗa kan iskar oksijin ta mayar da ita wasu 'yan sinadarai masu zafin nama, waɗanda ke kama duk abin da suka tarar, ko mai ne, ko furotin, ko koren launin kansa, su lalata shi kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Duk sinadarin da ke tare waɗannan maɓarnata ya kashe kaifinsu kafin su yi aika-aika, shi ne masana ke kira antioksidan.

Kariyar ganye tana farawa ne daga waje. Wanda ya taɓa shafa karan dawa ya san farin garin nan mai santsi da ke maƙale wa hannu. Wani irin kaki ne na tsiro, yana mayar da wani kaso na haske baya, yana kuma rage tsiyayar ruwa. A cikin fatar ganye kuma akwai dangin sinadarai da ake kira filabonoyid, waɗanda ke shanye UV su bar hasken da ake haɗa abinci da shi ya wuce ciki. Hausawa sun daɗe da sanin wannan dangi ta wata hanya dabam, domin jan launin zoɓo daga cikinsa yake, haka ma jan karan dafi da dukawa da majema ke rina fata da shi tun zamanin fataucin Sahara. Abin da ya tsallake wannan shinge sai ya gamu da masu gadin ciki: wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, wanda aka gano aikinsa a 1969 ana kuma kiransa SOD, yana mayar da ɗaya daga cikin maɓarnatan zuwa wani ruwa mai sauƙin guba, sannan katalas da wasu 'yan'uwansa su warware wannan ya koma ruwa da iskar oksijin, bitamin C da bitamin E da karotin kuma suna taya su aiki.

Mafi ban sha'awa a cikin lamarin shi ne cewa ganye yana jin zuwan UV-B, ba ya jira sai an yi masa rauni. A 2011 masu bincike a Turai suka tabbatar da cewa wani furotin mai suna UVR8 shi ne ke wannan aiki: yana zaune bibbiyu a manne, da zarar hasken ya same shi sai ya rabu, rabuwar kuma ita ce ke tayar da umarnin a ƙara sarrafa filabonoyid da enzayim ɗin da ke gyara ƙwayar gado. Ma'anar wannan ita ce UV gwargwado horo ne ga tsiro. Ganyen da ya tashi a fili yakan fi kauri, ya fi gajarta, ya fi tara sinadaran kariya, har ma a wasu tsirrai yakan fi jure ƙwari, alhali wanda aka rena a ƙarƙashin gilashi, wanda ke tare mafi yawan UV-B, yakan fito da taushi ba shiri. Wannan ne ya sa bai kamata a ruɗu da tsofaffin gwaje-gwajen ɗaki ba, inda ake haska wa tsiro fitilar UV mai ƙarfi cikin ƙarancin hasken rana a ga ya lalace. Gwajin da aka yi a fili ya nuna raguwar amfani ba ta kai haka ba. Iri ana auna shi ne a gonar da zai zauna, kuma a nan darajar filayen gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru take, wadda aka kafa a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, domin irin dawa da masara da wake da gyaɗa da audugar da take fitarwa a ƙarƙashin wannan rana aka zaɓe su.

'Yan lambu sun san wani ɓangare na wannan ilimi a aikace. Mai renon tumatir ko attarugu da ya bar rumfar ciyawa a kan yafinsa har ranar dashe, ya tuge ya kai fili da tsakar rana, zai ga ganyen ya yi fari-fari ya ƙeƙashe cikin 'yan kwanaki. Wanda kuwa ya riƙa rage rumfar sannu a hankali na kimanin mako guda, ya yi dashe da yamma ya bi da ruwa, ya ba tsiron damar gina garkuwarsa. Garkuwar ba kyauta take samuwa ba. Tsiron da ke fama da ƙishi yana rufe ƙofofin numfashinsa, sai haɗa abinci ya tsaya alhali haske bai daina zuba ba, maɓarnatan su yi yawa fiye da masu tare su, shi ya sa zafin Maris da Afrilu ya fi yi wa noman rani illa a ranar da ban-ruwa ya yi jinkiri. Haka kuma SOD ba ya aiki sai da ɗan tagulla da zinki, ko manganis, ko ƙarfe, waɗanda ƙasar da aka gajiyar da noma ba taki kan rasa wasunsu. Jan launi a ganyen ƙaramar masara ma ba kullum ne alamar rana ba, sau da yawa ƙarancin fosforas ne a ƙasa.

Akwai kuma gargaɗi ga masu sayen zogale da rama da alayyafo a kasuwar Sabon Gari da gidajen Muchiya. Ganye mai rai ne kaɗai ke iya sabunta abin da rana ta ƙone masa. Da zarar an tsinke shi wannan aiki ya fara mutuwa, ranar da ta ƙara masa amfani a jikin tsiro kuma ita ce za ta cinye bitamin C da karotin ɗinsa idan aka baza shi a tsakar gida. Don haka zogale da kuka da lalo a shanya su a inuwa inda iska ke kaɗawa, a adana garinsu a mazubi mai murfi nesa da haske.