Baje kolin ɗaliban zane a Beijing: wa ke yanke hukunci yanzu?

Duk shekara daga watan Mayu zuwa Yuni, Babbar Makarantar Zane-zane ta ƙasar Sin, wadda aka fi sani da CAFA, takan baje ayyukan ɗalibanta masu kammala karatu. A da, malamai da iyaye da 'yan uwan sana'a ne ke zuwa. Yanzu kuwa jama'ar gari ne ke yin cincirindo, kowa da waya a hannu.

Makarantar ba ta saba da hayaniya irin wannan ba. Tushenta ya faro a 1918, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1950 ƙarƙashin Xu Beihong, mutumin da ya dage cewa sai hannu ya faɗa a zanen abin da ido ya gani kafin a yi maganar fasaha. Daga 1955 zuwa 1957, Konstantin Maksimov na Tarayyar Sobiyet ya koyar da zanen fentin mai a can, ya ƙara tsaurara wannan horo. A tsarin, aikin kammalawa jarrabawa ce, malami ne alƙalinta.

Abubuwa da dama ne suka buɗe ƙofar. Faɗaɗa guraben jami'o'i da Sin ta fara a 1999 ya yawaita ɗaliban zane. Kasuwar zane ta bunƙasa bayan shekarar 2000, dillalai suka gane cewa sayen aikin matashi tun yana da araha ya fi jiran sunansa ya fito, ga kuma unguwar 798 mai cike da shagunansu kusa da makarantar. A 2008 aka buɗe sabon gidan baje kolin makarantar da Arata Isozaki ya tsara. Amma abin da ya fi tasiri shi ne wayar hannu: hoto guda a manhajar Douyin ko Xiaohongshu kan kai aikin ɗalibi inda malaminsa bai taɓa kaiwa ba.

Amfanin a fili yake. Ɗan talakan da ba shi da uwa a gindin murhu kan samu mai saye ko mai ɗaukar aiki kafin ya karɓi takardar shaida, kuma mutanen da ba su taɓa shiga gidan zane ba suna shiga.

Illar ce ta fi damuna. Mai kallo a waya daƙiƙa kaɗan yake bai wa hoto, don haka aikin da ke ɗaukar ido nan take, babba ko mai ban mamaki ko wanda ya yi kama da hoton kyamara, shi ke yaɗuwa. Ƙaramin zanen da sai an tsaya a gabansa kafin a gane darajarsa kan sha ƙasa. Ɗalibai suna lura, wasu kuma tun daga shekarar ƙarshe suke auna aikinsu da wannan ma'auni. A 2024 masu amfani da intanet sun yi wa aikin wata ɗalibar makarantar, wanda ta haɗa da kwalaye, ca, suna kiransa tarin shara, har ta fito a bidiyo ta ba da haƙuri. Ban ga laifin da ta yi ba. Aikin kammala karatu shi ne damar ƙarshe da matashi ke da ita ta gwada abin da ka iya faɗuwa, kafin kuɗin haya da ra'ayin mai saye su hau kansa.

Rufe ƙofa ba mafita ba ce, domin dukiyar jama'a ce ke riƙe da makarantar. Abin da ya rataya a wuyan malamai shi ne su riƙa bayyana wa masu kallo abin da ɗalibi ya nufa, su kuma fito fili su kare shi idan aka taso masa.