Ɗan Ƙwaron Da Ya Hana Furannina Buɗewa

Shekara uku ina renon furen wardi a tukwane, a falo da baranda. Sai a bazarar bara furannin suka riƙa bushewa tun ba su buɗe ba, ganyen ya yi tabo fari-fari da ɗigon baƙi. Na ɗora wa zafi laifi, na ƙara ban-ruwa, har tukwane huɗu suka salwanta.

Wani abokin aikina masanin tsirrai ne ya kaɗa fure guda a kan farar takarda, sai ga ƙwari sirara, ba su wuce milimita 2 ba. Masana na kiransu tirifs, kalmar Girkanci mai nufin tsutsar itace. Danginsu ne ke addabar manoman albasa da wake. Sukan huda ganye su tsotse ruwansa, su saka ƙwai cikin jikin shukar, inda feshi ba ya kaiwa. Shi ya sa feshi ɗaya ba ya wadatarwa.

Na ware masu cutar, na tsinke furannin da suka kamu, na wanke ganyen ciki da bai, sannan na riƙa fesa man darbejiya da ruwan sabulu da yamma, duk bayan kwana 7, har wata guda. Sauran suka farfaɗo.

Kuskurena, mai karatu, shi ne na sayo sabuwar tukunya a bakin titi na haɗa da sauran nan take. Yanzu baƙuwa sai ta yi mako biyu a keɓe. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.