Abin da ke sa manhajar waya ta ƙi haɗuwa ko ta karkace a hannun masu koyo a Zariya

Daga Samaru, inda babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello take, zuwa Jushi da kewayen kasuwar Sabon Gari, ba abin mamaki ba ne yau a ga matashi ya duƙufa kan kwamfutar tafi-da-gidanka yana koyon ƙera manhajar wayar hannu. Wasu ɗalibai ne na Sashen Kimiyyar Kwamfuta na jami'ar, wadda aka kafa a 1962, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Wasu sun shigo ta shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da 'yan Najeriya miliyan uku a fannonin fasahar zamani. Wasu kuwa da kansu suke koyo ta bidiyon YouTube.

Bayan kowane ɗayansu akwai wanda ya fitar da kuɗi: uba ma'aikacin gwamnati da ya matse albashi ya sayi kwamfuta, ko ɗan kasuwa da ya ba da kafin alƙalami domin a yi wa shagonsa manhajar lissafin kaya da bashi. Idan aka shafe makonni ana jin "ta ƙi haɗuwa", ko aka kawo manhaja maɓallin biya ya ɓace a gefen allo, sai zargi ya shiga. A mafi yawan lokuta matsalar sananniya ce, kuma tana da magani. Ta kasu gida biyu: matsalar harhaɗawa da matsalar shimfiɗar fuska.

Mene ne harhaɗawa?

Abin da mai ƙera manhaja ke rubutawa umarni ne da wani harshen kwamfuta, kamar Kotlin ko Java ko Dart. Waya ba ta karanta wannan rubutu kai tsaye. Dole a tattara shi tare da hotuna da kalmomi da guntayen aikin da wasu suka riga suka rubuta, a sarrafa su zuwa ƙunshi guda da waya za ta iya ɗauka. Wannan shi ne harhaɗawa.

A ɓangaren Android, wanda shi ne tsarin da ke kan wayoyin Tecno da Infinix da itel da Samsung, ana wannan aiki ne a cikin Android Studio, wadda kamfanin Google ya fitar da cikakken zubinta na farko a watan Disamban 2014. Ita kuma tana dogara da wani injin harhaɗawa mai suna Gradle. Ko mai amfani da Flutter, wadda ta fito a Disamban 2018, ko React Native ta kamfanin Facebook, idan ya zo fitar da manhajar Android ta hannun Gradle zai bi.

Gradle kamar tela ne da ya buɗe shago babu kayan ɗinki a ciki. Idan aka fara sabon aiki sai ya aika intanet a kawo masa zare da maɓalli da lailai da bai riga ya ajiye ba. Nan ne matsalar farko take.

Data da wuta da ƙarfin kwamfuta

A karon farko, kayan da ake saukewa kan kai gigabait da dama idan aka haɗa Android Studio da kayan aikinta da wayar kwaikwayo da ke aiki a cikin kwamfuta. Idan data ta ƙare, ko sabis ya yanke, ko aka ɗauke wuta batir ya mutu ana tsakiyar saukewa, wani fayil na iya zama rabi-da-rabi. Daga nan duk ƙoƙarin harhaɗawa sai ya ci tura, ko da umarnin da aka rubuta ba shi da aibi ko ɗaya.

Maganin shi ne a shiga foldar da Gradle ke ajiye kayansa, wadda sunanta .gradle ne, a goge zubin da ya lalace, a sake saukewa a inda intanet ke da ƙarfi. Bayan an kammala, akwai zaɓin da ke umartar Gradle ya yi aiki da abin da ya riga ya ajiye ba tare da komawa intanet ba. Wannan na rage cin data sosai, amma dole a kashe shi duk lokacin da aka ƙara wani sabon kaya a aikin.

Sai batun ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wato RAM. Google na neman aƙalla gigabait 8 domin Android Studio, kuma gigabait 16 ne ke ba da sukuni idan za a kunna wayar kwaikwayo. Kwamfutoci da yawa na hannu da ake saya da sauƙi gigabait 4 gare su. Irin wannan kan daskare ko ta yi ta juyi ba ta kammala ba. Uban da zai saya wa ɗansa kwamfuta domin wannan sana'a ya fi kyau ya tambayi girman RAM da ko ma'ajiyarta SSD ce, kafin ya dubi kyawun jikinta.

Wanda ba shi da halin canzawa yana da mafita. Ya bar wayar kwaikwayo, ya gwada aikinsa a wayarsa ta hannu. Idan ya shiga saitin waya, ya nemo lambar ginin tsarin, ya taɓa ta sau bakwai, za a buɗe masa saitin masu ƙera manhaja. A nan zai kunna izinin gwaji ta USB, ya jona wayar da kwamfuta. Sai dai ya tabbatar igiyar da yake amfani da ita mai ɗaukar bayanai ce, domin wasu igiyoyin caji kawai suke yi.

Rashin jituwar zubi

Matsala ta biyu ita ce ta zubi. Android Studio da Gradle da Java da Kotlin kowanne na da lambar zubinsa, kuma dole su dace da juna. Alal misali, zubi na 8 na mahaɗin da ke tsakanin Gradle da Android ba ya aiki sai da Java 17. Mai koyon da ke bin bidiyon da aka ɗauka a 2020 da kayan aikin bana zai ga jan rubutu ya cika masa allo, ya ɗauka shi ne bai iya ba, alhali darasin ne ya tsufa.

Ƙa'ida ita ce a duba shekarar darasi kafin a bi shi. Sannan a karanta saƙon kuskure na farko, ba na ƙarshe ba, domin sauran galibi 'ya'yansa ne. Masu amfani da Flutter suna da umarnin flutter doctor, wanda ke bincika kwamfuta ya lissafo abin da ya rage a saka. Haka kuma kada a canza abubuwa biyar a lokaci guda. A gyara ɗaya, a gwada, sannan a wuce.

Inda Hausa ke shigowa

Akwai tarkon da ya fi kama masu rubuta manhaja da Hausa fiye da masu rubutawa da Turanci. A Android ana tara kalmomin da za su bayyana a allo cikin fayil mai suna strings.xml. A wannan fayil, alamar nan da ke cikin kalmomi irin su jama'a da sana'a da ma'aikaci tana da wata ma'ana ta daban. Idan ba a sa karkatacciyar sanda kafin ta ba, kamar haka: jama\'a, harhaɗawar gaba ɗaya na iya tsayawa saboda kalma guda. A harshen Dart ma haka ne: idan aka kewaye jimla da alamar zance mai ƙwaya ɗaya, kalmar sa'a za ta yanke jimlar a tsakiya. Sai a yi amfani da mai ƙwaya biyu.

Haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, su ma suna da nasu. A kwamfuta mai Windows, idan sunan foldar aiki na ɗauke da irin waɗannan haruffa, Gradle kan ƙi ci gaba. Sunayen hotunan da ake sakawa a aikin Android kuwa ƙananan haruffan Turanci da lambobi da layin ƙasa kawai ake yarda da su. Hoton da aka raɗa wa suna da babban harafi ko aka bar fili a tsakaninsa zai tsayar da aiki.

Bayan manhaja ta haɗu, wani salon rubutu na ƙawa da aka ɗauko daga intanet na iya rasa ƙ ko ɗ ko alamar Naira, ₦. Sai harafin ya fito da wata siffa daban da ta 'yan uwansa, ko ya zama akwati. Manhajar da ke nuna farashi da akwati a maimakon alamar Naira ba za ta samu amincewar mai saye ba. Wanda kuma ke son saka rubutun Ajami ya tuna daga dama yake farawa. Tun zubin Android 4.2 ake da damar ayyana gefe da "farko" da "ƙarshe" a maimakon hagu da dama, yadda fuskar za ta juya da kanta.

Fuskar da ta yi kyau a nan ta karkace a can

Kashi na biyu shi ne shimfiɗar fuska: inda rubutu da hoto da maɓalli ke zama a allo. Babban kuskuren mai koyo shi ne ya tsara komai daidai da wayarsa shi kaɗai.

Allon waya ya ƙunshi ƙananan ɗigogi da ake kira fikzel, kuma yawansu a kowane inci ya bambanta daga waya zuwa waya. Maɓallin da aka ba faɗin fikzel 320 zai kai inci biyu a allo mai ɗigo 160 a inci, amma inci ɗaya kacal a allo mai ɗigo 320. Shi ya sa Android ta tanadi ma'auni mai suna dp, wanda ke daidaita kansa da kowane allo. Waya mai faɗin fikzel 720 da ɗigo 320 a inci, da wata mai fikzel 1080 da ɗigo 480, duka faɗinsu dp 360 ne. Google na ba da shawarar kada abin da za a taɓa da yatsa ya gaza dp 48.

Girman rubutu yana da nasa ma'aunin, sp, wanda ke bin zaɓin mai waya. Dattijon da idonsa ya raunana kan ƙara girman rubutu, kuma daga Android 14 ana iya ninka shi har sau biyu. Idan an ƙayyade tsayin akwatin rubutu ba a bar shi ya buɗe ba, rabin kalmomin zai yanke. Haka abin yake idan aka tsara fuska da gajerun kalmomin Turanci sannan aka mayar da su Hausa: maɓallin da aka yi wa kalma mai haruffa uku ba zai ɗauki "Biya kuɗin kaya" ba.

Masu amfani da Flutter sun san zanen nan mai ratsin rawaya da baƙi da ke fitowa a gefen allo. Ma'anarsa kayan da aka jera sun fi filin da ake da shi. Yakan fito musamman idan allon rubutu ya taso ya cinye rabin fuska. Ana magance shi da Expanded ko Flexible, waɗanda ke raba fili gwargwadon abin da ya rage, ko da SingleChildScrollView, mai ba da damar jan shafi sama da ƙasa. Akwai kuma sabon sauyi: manhajar da aka ƙera domin Android 15 tana mamaye allo daga sama har ƙasa, don haka idan ba a bar tazara ba, rubutu zai shige ƙarƙashin agogo da alamar batir.

Abin da mai biyan kuɗi ya kamata ya nema

Ɗan kasuwa ba sai ya iya rubuta umarni ba kafin ya kare dukiyarsa. Kafin ya biya cikon kuɗi, ya nemi a gwada manhajar a gabansa a waya uku aƙalla: ƙaramar itel, matsakaiciyar Tecno ko Infinix, da wata mai babban allo. Ya ƙara girman rubutu ya gani. Ya kashe data ya ga ko manhajar za ta yi bayani ko za ta mutu. Ya rubuta suna mai ƙ da ɗ da farashi mai yawan sifili.

Ya kuma san cewa fitar da manhaja a Google Play na buƙatar rajistar Dala 25 sau ɗaya, yayin da ta Apple ke cin Dala 99 duk shekara, kuma kayan ƙera ta na aiki ne a kwamfutar Mac. Sababbin asusun ɗaiɗaikun mutane da aka buɗe a Google bayan 13 ga Nuwamban 2023 sai sun yi gwajin kwana 14 da wasu masu gwadawa kafin a ba su izinin fitarwa. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Saboda haka wanda ya yi alƙawarin fitar da sabuwar manhaja cikin kwana uku da sabon asusu bai faɗi gaskiya ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne mallaka. A buɗe asusun da sunan mai shago ko kamfaninsa, a miƙa masa kwafin umarnin da aka rubuta, da mabuɗin sa hannu da ake sabunta manhaja da shi. Ɗalibin da ya yi aikin zai kammala karatu ya tafi bautar ƙasa; idan komai na cikin kwamfutarsa, gyaran farashi kaɗai zai zama aikin sake gini.

Shi kuma mai koyo, ya saba da ajiye aikinsa ta Git tun daga ranar farko, yadda idan gyara ya ɓata abin da ke aiki jiya zai iya komawa baya. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi na iya somawa da MIT App Inventor, wadda ke aiki a burauza ta hanyar jera tubala, kafin ya tara kuɗin ƙara RAM ya koma Android Studio.