Otofokas

Otofokas tsari ne da kyamara ke saita gilashinta da kanta har abin da ake ɗauka ya fito sarai. Konica C35 AF ta shekarar 1977 ce kyamara ta farko mai wannan tsari da aka ƙera da yawa domin kasuwa.

Ire-irensa

Iri biyu ne suka fi yaɗuwa. Na farko yana kwatanta hasken da ya shigo ta ɓangarori biyu na gilashin, ya gane nisa nan take, saboda haka ya fi sauri. Na biyu yana matsar da gilashin gaba da baya har bambancin haske da duhu ya kai matuƙa. Wannan ya fi jinkiri, kuma yakan rikice cikin duhu ko hazon hunturu.

Zaɓen kyamara

Mai ɗaukar dawakai a guje a hawan sallah na Sakkwato sauri ya fi buƙata. Mai aikin biki da dare kuwa, ƙarancin haske ne matsalarsa. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki huɗu na mai f/3.5. Ɗaga ISO yana haskaka hoto, amma yana cika shi da ɗigo-ɗigo.